Ƙwaryar da Gwaggo Ta Zana Mini

A Gammo ta ƙasar Kabo na tashi, a hannun gwaggona, yayar mahaifina. Shanunmu sun ƙare tun kafin in yi wayo, amma ƙwaryar nono ba ta bar gidan ba, domin sana'ar Gwaggo ke nan: zanen ƙwarya. Tana da 'yan ƙarafa masu tsini da take sakawa a garwashi, in sun yi ja ta ɗora a bayan ƙwarya ta ja layi, hayaƙi na shiga idonta tana tsaki. Har yau in na ji ƙaurin duma sai in tuna da ita.

Ba ta taɓa kwaikwayon zanen kowa ba. A tsakar gida take tsinto abinta. Ta kan tsaya ta ƙura wa bayan zabuwa ido har tuwo ya kama. In mata suna lugude sai ta ajiye ƙarfe ta karkata kunne, ta ce da ni, "Ke, saurari taɓaren nan. Kin ji ta ukun tana makara? Haka za mu zana shi." Sai ka ga layi biyu a jere, na ukun ya ɗan ja baya. Ni kuwa ina ganin abin kamar wahayi, na matsa mata ta koya mini. Kullum amsarta ɗaya ce, wai hannun budurwa rawa yake yi, in bari sai na haihu.

Ana haka gyaɗa ta yi daraja. Kowa ya share gona ya zuba ta, har inda ake shuka duma a jikin danga. Da kaka manyan motoci su kwashi buhuna su yi Kano, su dawo da langa da tasoshi masu jan fure. Furen nan iri ɗaya ne a kan kowace langa, kamar an tsaga kara, amma mata suka haukace a kansa. Masu zuwa wurin Gwaggo suka ragu, suka ragu, har ya zama sai tsofaffi, su ma gaisuwa ke kawo su.

Da aka sa ranar aurena, za a kai ni Gwarzo, sai ta ɗora duk burinta a kan jerena. Ta ce Gwarzo gari ne, akwai masu ido. In ƙwaryarta ta hau saman jere, matan gari suka gani, aiki zai dawo. Ta zaɓi babbar ƙwarya mai kauri ta yi damina guda a kanta. Ganyen gyaɗa ta zana, yadda yake haɗe bakinsa in rana ta yi sanyi, ta kewaye bakin da luguden nan mai makara. Ban taɓa ganin abu mai kyanta ba, kuma ba don tawa ba ce.

Sai dai amarya ba ta da baki a jerenta. Ni ina lulluɓe a wani ɗaki, Gwaggo kuma ciwon ƙafa ya hana ta bin masu jere, sai washegari aka kawo ta a jaki. Matan da suka yi jeren suka cika bango da langa har sama, ƙwarya kuwa aka tura ta ƙarƙashin gado, wai kada dangin miji su ce 'yar ƙauye aka kawo musu.

Ranar da aka kawo ta, da yamma, aka zauna kiɗan ƙwarya. Makaɗan suka ce tasu ƙaramar ba ta da amo, a nemo mai kauri. Wata ta leƙa ƙarƙashin gado ta jawo ta. Aka kifa ta a kan ruwa aka hau ta da 'yan sanduna. Daga cikin mayafi na ji amon, na kuma gane ta, don na sha ƙwanƙwasa ta da yatsa a gida. Daɗin sautin ya fi komai ƙona mini rai. Mata suna ta guɗa suna cewa ba su taɓa jin ƙwarya mai zaƙi irin wannan ba, kuma babu wadda ta duba abin da ke bayanta. Kafin magariba ta tsage.

An ce Gwaggo na zaune a gefe tun farkon kiɗan. Da ta shigo yi mini sallama na riƙe bakin zanen da ta ɗaura ina kuka, dangin miji suka ɗauka kukan rabuwa ne. Ta ce, "Bari, 'yar nan. Ƙwarya ta bi ƙwarya. Ni ce na kai ta inda ba ajinta ba."

Da na koma Gammo wankan haihuwar fari, tun kafin in warware na tuna mata alkawari. Na ce, "Gwaggo, ga shi na haihu, hannuna ya daina rawa."

Ta daɗe tana wasa da ƙafar jaririn. Sannan ta ce ƙarafan ba sa nan. Ta kai wa maƙeri, ya mayar da su basilla, mahaifina na ɗinke bakin buhunan gyaɗa da su.

Gyaɗar ma daga baya ta tafi, langar ta ɓare ta yi tsatsa, roba ta kore ta. Abin da Gwaggo ta bar mini ido ne kawai. Har gobe in zabuwa ta gifta ko na ji lugude a maƙwabta, sai zanen ya tsaya mini a ka sarai, layi biyu da na ukun mai makara. In duba hannuna, ban san ko yadda ake riƙe ƙarfen ba.