Sista Nwakaego, wadda ba ta yarda da ƙafar kowa

Kowace safiya a wani ƙaramin asibiti da ke Gamboru, kafin Sista Nwakaego ta gama amsa gaisuwarka ta riga ta ce ka cire takalmi. Masu ciwon suga take dubawa, kuma ni dai ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. Ka ce mata lafiya lau, ta harare ka. Ka rantse, zargin ya ƙaru.

Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: siririn zaren roba irin na fatsa, da wani ƙarfe mai ƙaho biyu da take bugawa ya kama karkarwa. Sai ta sa ka rufe ido, ta dangwala zaren a tafin ƙafarka, ta ɗora ƙarfen a ƙashin babban yatsa, ta tambaya ko ka ji. Mahaifiyata, wadda nake kai wa wurinta, da farko ta ɗauka tsibbu ne, takan yi ta addu'a ƙasa-ƙasa. Sista ta bayyana mana cewa a cikin fata akwai 'yan bakunan jijiyoyi, na sama-sama su ke jin shafa, na can ciki su ke jin dannawa da girgiza, sannan su aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Suga kan fara lalata jijiyoyin da suka fi tsawo, wato na yatsun ƙafa. Ƙafar da ta daina ji kuwa, miki zai yi ta cinta mai ita bai sani ba, har a kai ga yankewa.

A gabanmu aka yi ta Babakura, wani dattijo mai sayar da busasshen kifi a Baga Road. Magani kawai ya zo karɓa, yana sauri don motar kaya ta iso. Takalmi ɗaya ya cire, wai ai ƙafafun duk ɗaya ne. Duk inda ta taɓa sai ya ce ya ji, da sauri-sauri. Sai ta janye hannunta, ta ce, "Baba, yanzu fa?"

"Na ji sarai, Sista."

"Ban taɓa ka ba, Baba. Cire ɗayan."

Ran dattijo ya ɓaci. Ya ce ko a kasuwa ba a taɓa ƙaryata shi a bainar jama'a ba, ya miƙe zai fita. Ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Wallahi har ni na ji ta yi yawa. Da ya cire, ashe ƙayar kifi ce ta huda takalmin ta shige tafin ƙafarsa, wurin har ya fara ruɓewa. Warin da yake ji, ya ce, ya zaci na kifi ne.

Sista, ke ce kika sha harara da baƙar magana don ƙafafun da ba naki ba. Ga shi za ki ajiye aiki, kuma gaskiya tsoro nake ji. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da za ku gaje ta, ku koyi wannan taurin kai, kada kunyar furfura ta hana ku duba tafin ƙafa.

Babakura ya rasa yatsa ɗaya, ƙafar ta tsira. Na same shi a rumfarsa na gaya masa Sista za ta tafi. Sai ya ce, "Da ta yarda da ni ranar nan, da yanzu da sanda nake zuwa kasuwa."