Layin da ya ƙi gogewa

Jama'a, wallahi tallahi wannan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. A shekarun nan ne da kwanon masara ya gagari talaka, ina aiki da wata ƙungiyar manoman rani a wani ƙauye can gefen kogin Watari. Tanki ɗaya gare su da famfon sola, ni kuma na rubuta 'yar manhajar da ke buɗe wa kowace gona ruwa. Ba hoto ba ado, baƙin allo ne da farin rubutu, yana nuna gonar da ke sha da wadda ke biye, manoma su leƙo ta tagar ɗakin kwamfutar bayan azahar a karanta musu.

Da rubutu ya riƙa cunkushewa sai na sa maɓalli ɗaya, kana dannawa manhajar ta aika umarnin clear, allo ya koma fes. To shugaban ƙungiyar, Alhaji Sale, mutum ne da tumbi ya yi gaba kai ya tsaya a baya, ko kunna kwamfutar bai iya ba, amma maɓallin nan rana ɗaya ya haddace shi. Ya karkata ruwa zuwa tumatirinsa, da ya hango manomi ya nufo taga sai ya danna, ya ce na'ura ce ke hutawa. Tir!

Akwai wani tsoho, Baba Iro, albasarsa ce abincin jikokinsa marayu, kuma tana bushewa. Kullum sai ya zo ya tsuguna gindin taga, Alhaji ya ce, "Baba, ka ga allo wayam, sai gobe." Shi kuma ya ce, "Ba komai Alhaji, ina nan ina jira." Haka dai har zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, rana tsaka, ko ƙurar kabari Alhaji bai karkaɗe ba ya mayar da ruwa gonarsa, ya danna abin nasa. Komai ya goge sai layi ɗaya a can sama: Ina nan ina jira.

Ya sake dannawa, yana nan. Ya hau ni da ashar wai ni na shirya masa. Na buɗe manhajar layi-layi, na rantse babu wannan magana a ciki, ni da Turanci ma na rubuta ta. Na rufe ta, na buga clear da hannuna, yana nan daram. Na zare wayar wuta, na cire batir, allo ya mutu, rubutun bai mutu ba. Inna lillahi! Tsohon nan ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba.

Alhaji, mai cika baki, ya fita ba takalmi, babbar riga na harɗe shi, ya je ya murɗa bututun gonar Baba Iro da hannunsa. Ruwa na shiga albasar, layin ya ɓace. Da na leƙa gindin taga, wurin da tsohon ke tsugunawa a jiƙe yake sharkaf, alhali ko ɗigo ba a zubar ba.

Albasar ta yi, marayun sun ci. Ni dai har gobe in zan goge allo sai na yi bisimilla na kau da kai. Ku kuma da aka ba amanar jama'a, kafin ku share abu daga idon mutane, ku duba tukuna wa kuka bari yana jira.