Takin Birni da Ɓerayen Auta

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, ranar da ni da malamin lissafi muka yarda cewa ba za mu taɓa fahimtar juna ba. Saboda haka in na yi kuskure a maganar ilimi, a kai ƙara wajen autata, ita ce ta je jami'a. Da na tambaye ta abin da take karantawa, cewa ta yi ɓeraye take kiwo. Farare, wai, cikin keji, har auna musu abinci ake yi. Na ce, "Auta, da kin faɗa min tun farko, ai rumbuna ma ya isa ya ba ki digiri." Tun daga ranar nake kiranta uwar ɓeraye.

A ƙauyenmu, nan gefen Minjibir, gona ba ta hutawa. Inda tawa ta ƙare nan ta maƙwabcina ta fara, babu saura ko na shimfiɗa buzu. Kashin awaki ba ya isa, don haka muke haɗawa da takin birni, wato sharar Kano da ta ruɓe ta zama baƙar ƙasa. Zamanin babana jakuna ke kawowa a mangala, yanzu tifa ce. Da rani ake juye shi a bayan gida, ya jira ruwan farko. Yara kuwa nan ne kasuwarsu: murfin kwalba, gwangwani, karyayyen cokali.

Babbar 'yar kasuwar ita ce jikata, 'yar babban ɗana, wadda ko makaranta ba ta isa shiga ba. Amaryata ce. Kullum da safe sai ta fizge min hula ta ce ta sake ni, mai rake za ta aura, shi yana da haƙora. Ni kuma in ce sai ta dawo min da alewar da na ba ta jiya.

A ranin da nake ba da labari, ina da maraƙi ɗaure kusa da tsibin takin. Wata safiya na tarar da shi yana niƙa haƙora, yawu na zuba. Kafin azahar ya dafa goshi jikin katanga yana turawa, kamar mai son shigewa ciki. Na kaɗa masa hannu a gaban ido, ko ƙiftawa bai yi ba. Wasu suka ce iska ce, mahauci ya ce a yanka tun da sauran numfashi. Allah ya sa Auta tana gida hutu.

Na ce, "Uwar ɓeraye, zo ki duba min babban ɓera."

Ta duba, ba ta yi dariya ba. Ta ce kada wanda ya ci naman nan. Sai ta ɗauki kara ta nufi tsibin, ta yi ta tono inda maraƙin ya lashe har ya yi rami. Ta zaro wasu fale-falen abubuwa ruwan toka, masu ƙananan tagogi kamar rariya, gari na zuba daga jikinsu. Na ɗaga ɗaya da bakin kara, na ji ya fi girmansa nauyi.

Ta ce, "Baba, cikin batirin mota ne. Dalma ce. Wani ya fasa ya ɗebi abin da yake so, ya watsa sauran a shara." Sai ta waigo ta ce, "Su wa ke wasa a nan?"

Amsar tana gabanmu. Gwangwanaye ne jere a gindin tsibin, cike da tuwon ƙasa, an yi masa miya da garin nan mai ruwan toka. Na san mai girkin. Na kuma san ba ta taɓa yin girki ba ta ɗanɗana ba.

Na zauna a kan turmi. Sai a lokacin na haɗa abubuwan da na gani ban gani ba. Kwanaki ke nan amarya tana kukan ciki, ba ta cin abinci, uwarta ta ce tsutsa ce. Ta daina gudu. Hulata kuwa tana kaina lafiya lau tun makon jiya, har ina yi wa mutane alfaharin aurena ya zauna.

Na ce, "Auta, faɗa min gaskiya. Me dalma ke yi wa ɓerayenki?"

Ta ce a ruwan sha suke saka musu. Jininsu ya ragu, su rame, wanda da ya san hanyar abincinsa ya riƙa ɓata. Na ce duka? Ta ce akwai waɗanda ake haɗa wa da zinki, ƙwayar nan da ake ba yara tare da ruwan gishiri da sukari in suna gudawa. Su waɗannan sun fi 'yan uwansu dama, domin zinki da dalma kamar ƙofa ɗaya suke bi su shiga jiki daga hanji, in ɗaya ya tare sai ɗayan ya samu ƙarancin wuri.

Ashe tsohuwata, uwar Auta, tana bakin zaure tana ji. Kafin mu juya ta shige ɗaki ta fito da ragowar ƙwayoyin nan a ƙullin leda, ta kamo yarinyar.

Auta ta tare ta. "Inna, me za ki yi?"

"Abin da kika yi wa ɓera. Ko jikata ba ta kai ɓera ba?"

"Inna, ba haka ba ne. Dalmar da ta riga ta shiga, wannan ba zai fito da ita ba. In kin ɗura mata da yawa ma wata cutar ce."

"To me amfanin karatun?"

Ni ma tambayar da ke bakina ke nan, amma na ga idon Auta ya cika. Ta ce, "Amfaninsa shi ne na san ba a gida za a yi maganin nan ba. A auna jininta, yau."

Muka shiga motar birni, ni da Auta da uwar yarinyar. Amarya tana kan cinyata, ba nauyi, kamar na ɗauki dami marar hatsi. Duk hanya ina kaɗa mata yatsa a gaban ido in ga ko za ta bi. Tana bi. In jima kaɗan in sake. Wani fasinja ya ce, "Baba, wasan me kuke yi haka?" Na ce sabon salon zance ne, shi yaro ne ba zai gane ba. Aka yi dariya. Bakina ne kawai ke aiki, amma zuciyata tana wajen maraƙin nan da goshinsa a katanga.

Asibitin farko suka tura mu wani, can aka ɗebi jinin, aka ce mu dawo. Kwanakin jiran nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Maraƙin ya mutu, muka binne shi da fatarsa, mahauci na kallo kamar shi aka yi wa rasuwa. In yarinyar ta yi barcin rana sai in tsuguna kusa da ita ina sauraro, ko zan ji haƙora na niƙa. In ta jingina kai da bango don gajiya, sai in tashi in janye ta daga jikinsa.

Da muka koma, likita, wata mace mai magana a hankali, ta ce dalmar tana nan a jinin, kuma ba kaɗan ba, amma mun zo da wuri. Aka kwantar da yarinyar, aka ba ta maganin da ke jawo dalma ya fitar da ita ta fitsari. Ta ce in an sallame mu a raba ta da ƙasar nan, a riƙa ba ta wake da gyaɗa da ɗan nama, don cikin da ya ƙoshi bai cika karɓar dalma kamar na mai yunwa ba. Tsohuwata ta samu aikin yi. Har yau in yarinyar ta bar wake a kwano sai an yi shari'a.

Na tambayi likitar ko shi ke nan. Ta ce a'a, za a riƙa auna ta, kuma wani abin sai ta fara karatu za a gane ko ya taɓa ta. Wannan maganar ita ce ban taho da ita na ajiye ba, tana nan tare da ni.

Takin kuwa bai ga gonata ba. Muka kankare shi har da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, muka binne a rami nesa da rijiya. Dawata a shekarar ta fito kamar gashin gemuna. Na zagaya na gaya wa maƙwabta, wasu suka tona nasu suka duba, wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Bayan an sallamo amarya da ɗan lokaci, ina zaune a zaure da hantsi, sai na ji iska a tsakiyar kaina. Na waiga, ga hulata tana gudu a hannun mutum. Ta tsaya daga nesa ta ce ta sake ni, kuma wannan karon mai rake ya riga ya kawo kaya. Na ce to, sai ta dawo min da alewata.

Bana aka sa ta a makaranta. Kullum in ta dawo sai na tsare ta a zaure ta karanta min abin da aka koya musu, ni da aji huɗuna. In ta yi daidai in ce malamin ne gwani. In ta yi tuntuɓe a wani harafi, sai in aika a kira min uwar ɓeraye a waya, in tambaye ta ko duk yara haka suke yi.