Namadi Mai Faci da Katifar Inna

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a bakin tashar Gummi ya san Namadi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai faffaɗan ƙirji da ke zama ƙarƙashin dogon yaro, gabansa rabin durom cike da baƙin ruwa, gefensa injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba. Mutumin Bukkuyum ne, Gummi ta riƙe shi tun yana saurayi. Ya yi wa keke faci, ya yi wa amalanke, ya yi wa tarakta mai shiga fadama. Shekarar da zinariya ta ɗauke hankalin jama'a zuwa Bagega, kowa ya ruga da diga da shebur, shi sai ya ruga da famfo. Ya ce rami na masu ƙarfin hali ne, shi dai ya san duk babur ɗin da ya ɗauko buhun dutse sai ya neme shi. Bai yi arziki ba. Da maganar gubar dalma ta fito, ya tattara komatsansa ya dawo inuwarsa.

Iliminsa na duniya guda biyu ne, kuma yana raba su kyauta. Na farko, duk abin da aka hura, wata rana zai sace. Na biyu, taya ba ta son tausayi. In ya cika ta sai ya ƙwanƙwasa da sifana, in ba ta ce ƙam ba bai gama ba.

Namadi ɗan fari ne, don haka mahaifiyarsa, Inna Hajara, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Tun da ya kama sana'a ta raɗa masa "mai iska", abin da ya sa 'yan tasha dariya har suka gaji. Ko yana zaune gabanta, sai ta dubi matarsa Mardiyya ta ce, "A ce ma mai iska tuwonai na hucewa." Shi kuwa ya ce to, kamar saƙon daga Sakkwato ya zo.

Daminar da Inna ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, Namadi ya ɗauko ta daga Bukkuyum ya ba ta ɗakin da ya fi shan iska. Bakinta ya dawo, ƙafa ba ta dawo ba. Roƙonta ɗaya ne, ta bakin Mardiyya: kada a sake kai ta asibitin nesa, in mutuwa ce ta same ta tana jin ƙarar turmi.

Maƙwabciyarsu Sista Tabitha, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Zuru, ita ke biyowa in ta taso aiki. Ita ta fara ganin gyambon a ƙugun Inna, ɗan ƙarami kamar kwabo. Ta kira Namadi zaure.

"Malam Namadi, kwanciya ce ke cin ta. A riƙa juya ta, sannan ka nemo mata katifar iska. Akwai mai ɗaki uku, kai da ƙugu da ƙafa, kowanne da bakinsa. Inda ke ciwo a daidaita."

Namadi ya yi dariya har da buga cinya.

"Sista, ni za a gaya ma iska? Abin da ni ka ci da shi? Yau ki hura, gobe ƙaya ɗaya ta taɓa ta, Inna ta wayi gari bisa ƙasa. Katihwar soso mi ta yi?"

"Soso ne ya kawo mu nan."

"To bari in yi shawara."

Shawarar nan ta Namadi ta fi shari'ar gona tsawo. Ya kai maganar tasha, aka yi mata rubdugu. Wani direba ya ce ya gani a gidan wani Alhaji, yara sun mayar da ita kwalekwale. Wani ya ce ɓera na son robar. Duk wanda ya kushe katifar, Namadi ya ce masa "ka ji mai hankali". Taubashinsa Makau, mai kai busasshen kifi Sakkwato ya dawo da kayan roba, shi kaɗai ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Kai dai hwaɗi gaskiya, bawana," in ji Makau. "Sabon inji ka ka hange. Iskar duniya duk ka sayar, ta uwarka ce ka ka ciniki."

"Rufe min baki, mai warin kihi. Ni aikin sani ni ka yi."

Ya faɗa da ƙarfi, don maganar ta taɓa inda bai so. Gaskiya yana hangen sabon injin iska da kuɗin da katifar za ta cinye. Gaskiya kuma bai yarda da robar ba. Wanne ya fi nauyi cikin biyun, shi kansa bai so a ɗora a sikeli ba.

Shinkafa tana kore aka fara maganar, har ta fara sunkuyar da kai ba a gama ba. Namadi kullum da safe zai tsaya bakin ƙofa ya gaishe da Inna, labule tsakaninsu, ya wuce. Wata ranar kasuwa injinsa ya ƙi tashi, ya dawo gida da azahar, ya ɗaga labule babu sallama. Mardiyya na durƙushe da ruwan gishiri da auduga. Kwabon nan ya zama bakin kofi, kuma warin ya riga idonsa isowa. Inna ta juya fuska ga bango.

"A ce ma mai iska ya hita," ta ce. "Nan ba tasha ba ce."

Ya fita. Ya tsaya tsakar gida, kaji na kewaya shi, ya rasa inda zai sa hannunsa. Kafin la'asar yana rumfar Makau, kuma Makau, wanda bai taɓa barin damar tsiya ta wuce ba, ya dubi fuskarsa ya ce kawai, "Jibi in sha Allahu."

Katifar ta zo a kwali, shuɗiya, da ɗan famfonta na ƙafa. Namadi ya juya famfon ya ce wannan na balan-balan ɗin sallah ne. Tun da ya makara, to zai yi wa Inna aikin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Ya kai ta tasha, ya bi kowane ɗinki da ruwan sabulu yana neman kumfa, bai samu ba. Sannan ya sa mata injin. Ɗakin kai, ɗakin ƙugu, ɗakin ƙafa, kowanne sai da ya ce ƙam. Ya ɗora ta a ka ya ratsa kasuwa da ita, masu shinkafa na yi masa sannu, ana cewa ga ɗan albarka. Rabonsa da jin sanyi a zuciya tun kafin ya ɗaga labulen nan.

Inna ta kalli abin daga inda take kwance.

"Mi ne ne wanga?"

"Katifar iska ce, Inna," in ji Mardiyya.

"Bisa iska za ku ɗora ni? Ni da ban taɓa zuwa gidan bori ba?"

"Ba irin waccan ba, Inna. Iskar ɗanki ce."

"Ai ita ni ka tsoro."

Aka yi dariya, aka ɗora ta. Namadi ya tambaya ko da daɗi. Inna ta ce a ce mai Allah shi yi albarka.

Lokacin Sista Tabitha ta tafi gida hutu. Namadi ya ɗauki aikin da kansa. Kowace safiya yanzu har ciki yake shiga, ya danna katifar da babban yatsa, in ya ji ta ɗan saki ya taka famfo har ta dawo hayyacinta. Yana fita yana jin kansa ɗa na gari. A tasha ya sauya waƙa, yana ba mutane shawarar su saya, amma su kawo masa ya cika musu yadda ya kamata.

Ranar da Tabitha ta dawo, ta shiga da murna ta fito ba murna. Ta ce a kira shi. Gyambon ya ƙara zurfi, ga wani ja ya fito a diddige, wani a kafaɗa. Ta ɗaga tafin hannu ta buga gefen katifar, ɗakin ya amsa kamar an taɓa ganga.

"Wa ya hura wannan?"

"Ni. Da inji," in ji Namadi. Muryarsa ta fara da alfahari, ta ƙare a hanya.

"Malam Namadi, mahaifiyarka ce ko tirela?"

Tabitha ta ci gaba da magana.

"Jiki ake so ya nutse a ciki, ta rungume ta. Wannan gara ka kwantar da ita a kan benci. In ciwon nan bai juyo ba, sai asibitin Gusau, ba ni da yadda zan yi."

Gusau. Namadi ya dubi matarsa. Mardiyya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zane.

"Baban Hafsa, tun ranar hwarko ta ce min kamar dutsen niƙa. In ka hita ni kan ɗan rage, in ka dawo da sahe ka cika."

"Don mi ba ki hwaɗa min ba?"

"Ita ta hana. Ta ce ka ɗauko ta bisa kai gaban mutane, kada a kunyata ka."

Duk wannan Inna na jin su, idonta a rufe kamar ba da ita ake ba. Namadi ya tuna yadda yake taka famfon nan da safe, tana kwance a kai, yana taka yana murmushi, tana ce masa albarka. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya cire takalmi ya durƙusa. Ya laluba bakin ɗakin ƙugu, ya buɗe, ya danna. Iska ta fara fita, sssss, ƙarar da ya kwashe rayuwarsa yana farauta da ruwan sabulu don ya kashe ta. Yatsansa na son rufewa. Tabitha ta zura hannu ƙarƙashin tsohuwar tana aunawa. Inna ta fara nutsewa a hankali, kafaɗarta ta sauka, ta saki wani dogon numfashi da ya daɗe a tsare. Namadi ya toshe bakin da yatsa.

"Ya isa?" ya tambayi Mardiyya, kamar yadda aka saba.

Inna ta buɗe ido. Ba Mardiyya ta duba ba.

"Saura kaɗan," ta ce masa. "Ƙara ragewa."

Ya ƙara ragewa. Bai ɗago kai ba, don bai so Sista ta ga fuskarsa.

Ba a je Gusau ba. Gyambon ya ɗauki lokacinsa, ya rufe ya bar tabo mai faɗi, wanda Namadi bai taɓa gani ba amma ya san girmansa sarai. Inna ta koma aikensa ta bakin Mardiyya kamar ba a yi komai ba. Makau ya samu abin tsiya na shekara guda, duk motar da ta tsaya sai ya ce wa direba ya yi hankali, mai facin nan uwarsa ma bai raga wa ba. Namadi ba ya ramawa. In an tambaye shi ko katifar iska ta cancanci a saya, ya kan ce ta cancanta, a sayo da wuri, kuma kada a kawo masa.

Da safe yana shiga gaisuwa, ya danna katifar da yatsa don sabo, ya ji ta lafau, irin laushin da in taya ce da ya kori mai ita. Ƙafarsa ta nufi famfo da kanta. Sai ya ja ta baya, ya tura famfon ƙarƙashin gado, ya ce, "Inna, an tashi lahiya?"