Ƙasarmu da Ta Gangara Gonar Baffa

Gonarmu ce ta ƙarshe kafin dutse. A wajenmu gona manne take da gona tun daga bakin gari har inda ido ya tsaya, layin gamba kaɗai ke raba ta wani da ta wani. Da aka raba gadon kakanmu, Baffa, wan Baba, ya sami ta ƙasa, jigawa mai zurfi. Baba ya sami ta sama, wadda ta jingina da dutsen. Ta fi ta Baffa faɗi, shi ya sa kowa ya ce an yi adalci.

Ƙasar wurin ba ta da kauri. In ka tona da hannu, kafin wuyan hannunka ya nutse farcenka ya taɓa falalen dutse. A sakandare malamin aikin gona ya zana mana ƙasa a allo hawa-hawa, na yi ta kallo ina neman tamu a ciki. Tamu hawa ɗaya gare ta, kamar tabarma a kan siminti. In an yi ruwa da safe, kafin la'asar samanta ya bushe. Duk da haka ita ta ciyar da mu, don Baba yana kai mata taki a mangala duk rani, yana barin tushiyar kara da ciyawa su riƙe ta.

Sai damina biyu suka zo a jere ba su tsinana komai ba. Jakinmu ya tafi kasuwar Kunci bai dawo ba. Yayana ya tafi ci-rani kudu. A ranin nan awakin Inna suna kuka har muryarsu ta dishe, muka hau gonar muka tone tushiyar kara, muka kankare ciyawa, har gambar iyaka muka sassare ta daga gindi. Kowa a garin haka ya yi. Gonar ta zama fes, kamar an share tsakar gida.

Abin da ya rage mana shi ne irin gero, zangarniya zaɓaɓɓu da Baba ya rataye a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari. Mun yi kwanakin da tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli ne abincin, amma ba wanda ya ɗaga ido ya kalle su. Ni kam ina kallo, a sace.

Ranar da Baba ya sauko da su ya ce a sussuke, Inna ta tsaya da taɓarya a hannu.

"Malam, binne za ka yi?"

Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira.

"To me zan yi? Ki bar masu jigawa su jira ruwa ya zauna. Ni in na jira, kafin in kai ƙarshen layi laimar ta gudu."

"In aka yi yayyafi ya tsiro, aka ɗauke fa? Ba mu da wani."

"Na san ba mu da wani. Ni na rataye shi."

Yayyafi Inna take tsoro, Baba ma shi yake tsoro. Ba wanda ya kawo ɗaya abin a ransa.

Tunda Yaya ba ya nan, ni na bi shi da ƙwarya. Yana gaba yana sara da sungumi, ina baya ina zuba iri ina rufewa da diddige. Kowane sara na uku ko na huɗu sai ka ji ƙarfe ya daki dutse, ƙwal. Baffa ya leƙo daga gonarsa, hannu a baya.

"Mai gonar sama, ƙira kake ko shuka? Tun daga gida nake jin maƙera."

"Yaya, ka tanadi wuri a rumbunka, nawa ba zai ɗauka ba bana."

"Uwata," Baffa ya ce mini, don sunan mahaifiyarsu gare ni, "ke da kika yi boko, gaya wa ɗan nan naki gero ba ya cin dutse."

Muka yi dariya, har Baba. Da na juye ƙwaryar a rami na ƙarshe, na buga gindinta don kada ƙwaya ta maƙale.

Aka daɗe shiru, ba ruwa. Aka fita roƙon ruwa, yara suka zaga gari da alluna. Rannan da azahar na kai wa Baba ruwan sha a gona, yana korar zabin da ke tone ramuka, sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso da sanyi. Baba ya ɗaga hannu yana hamdala, fuskarsa ta saki irin yadda na manta tana yi. Muka fake a ƙarƙashin wani dutse mai baki kamar rumfa.

Ba yayyafi aka yi ba. Kamar an kifar da randa. Da fari ina murna, ina tara hannu. Sai na ji wata ƙara daga sama, ba tsawa ba, wani gurnani mai tafiya. Duk ruwan da ya sauka a kan dutsen, ba inda zai shiga, ya haɗu ya gangaro mana. Yana isa gonar ya canza launi, ya yi ja. Na ga layin da na bi da ƙafata yana motsi. Ƙasar ta ɗago gaba ɗaya, ta naɗe, ta bi ruwan. Ba tushiya, ba ciyawa, ba gamba a iyaka. Ba abin da ya ce mata tsaya.

Baba ya fita. Na riƙe rigarsa, ya fizge. Ya durƙusa a tsakiyar ruwan ya baza hannuwa yana tare laka da ƙirjinsa, tana bi ta hammatarsa tana wucewa. Ina kiransa, ban jin muryata. Na ɗauka shi ma zai tafi. Har yanzu ban san yadda na jawo shi ba, na dai san gwiwoyina sun sassale, kuma da ruwan ya tsagaita ina zaune a kan dutse tsirara inda da safe gona ce. A jikin falalen akwai zane-zane farare birjik, bakin sungumi da fartanya, na Baba da na kakanmu. Ban taɓa ganinsu ba, ƙasa ta rufe.

A gari murna ake. Washegari kowa ya fita shuka.

Bayan kwanaki Baffa ya yi sallama a zaure, bai zauna ba.

"Ka zo ka ga abinka," ya ce wa Baba.

Na bi su. A saman gonar Baffa jar laka ta kwanta, gero ya tsiro a cikinta cunkus kamar gashin kai, ba layi ba tsari. Irinmu ne, da takin jakinmu.

"Ka cire ka yi dashe," in ji Baffa. "Ko ɗaya ba na so. In an bar shi haka ma kashe juna zai yi."

Baba ya sunkuya ya cira, na tara a kwano. Muka hau. Ya tsaya da tsiron a hannu yana dube-dube. Ya je wani lungu da 'yar ƙasa ta maƙale, ya sa yatsa, yatsan bai shige ba. Ya je wani. Na bi shi da kwanon har rana ta take, tsiron ya fara sunkuyar da kai.

"Uwata, a makarantarku an ce ƙasa tana dawowa?"

An faɗa mana. Malamin ya ce dutse ne ke narkewa ya zama ƙasa, amma kafin a sami kaurin yatsa jikokin jikoki sun shuɗe. Na ce masa ban tuna ba.

Baffa ya ce mu dasa a gefen tasa, layi kaɗan. Mun dasa, Allah Ya saka masa. Amma bakunan da ke gidansa sun fi namu, kuma duk mun san abin da layi kaɗan ke bayarwa.

Abin da ya fi tsorata ni ya zo daga baya. Baba ya ɗauki kwandon Inna ya naɗa gammo. Kullum bayan asuba yana ɗibar jar lakar daga iyaka, ya hau da ita, ya juye a kan falalen, ya baje da hannu. Baffa bai hana shi ba, ya daina tsokanarsa ma, kuma wannan shirun ya fi mini ciwo. Kowane ruwa sai ya sauko da abin da Baba ya hau da shi. Inna ta yi magana sau ɗaya, ya ce mata, "Tawa ce, na san launinta." Ba ta ƙara ba.

Yanzu in hadari ya haɗo, maƙwabta suna fito da bokitai. Ni kuwa madafa nake shiga in zauna. Igiyar da aka rataye irin tana nan, ta yi baƙi da hayaƙi. Jiya Inna ta kai hannu za ta kwance ta ta ɗaure akuya, sai ta fasa. Baba yana sama da kwando, ga gabas ta fara duhu, kuma ni za a aika in sauko da shi.