Murar Da Na Laƙa Wa Barkono

Edita da masu karatu, ina yi muku sallama. A lokacin da abin nan ya faru, ina zaune ne a wani gidan haya a Diobu, nan Fatakwal, ɗaki ɗaya da 'yar baranda. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Arewa, in ya tafi sai a yi makonni ban sa shi a ido ba. 'Yata tilo kuma aure ya kai ta Enugu. Ni kaɗai ce Bahaushiya a gidan. Maƙwabtana mutanen kirki ne, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma Turancin burokar da na iya ba ta wuce ta gaisuwa da cefane. Ni kuwa Allah ya yi ni da son hira. Tun a gidanmu ake yi mini tsiya cewa ko da turmi aka bar ni sai na ja shi da zance. Ba ni da yawo, ina son ɗakina, sai dai ɗakin da ba mai amsa maka magana wani abu ne daban.

Abin da ya sa na shiga aikin yaji ke nan. Akwai wata Hajiya a bayan kasuwar Mile One da ke haɗa yajin da masu tsire da balangu ke saye. Mu mata kaɗan ne a rumfarta, wata na soya barkono, wasu na dakan ƙuli-ƙuli da citta, wata na tankaɗe. Duk wanda ya san aikin nan ya san atishawa ce abincinmu. Tun muna yi wa juna addu'a in an yi, har muka gaji muka ce ta safe ta wadatar har yamma. Randa ɗaya muke da ita da moɗa ɗaya, abincin rana ma a faranti ɗaya muke sa hannu. A rumfar nan kaɗai nake jin Hausa ta cika mini kunne.

A cikinmu akwai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Iya. Ita ba ta daka, ƙarfinta bai kai ba, sai dai ta zauna a bakin ƙofa inda iska ke shigowa tana cire wa barkono hanci. Kusa da ita nake ajiye rariyata. Ita ce mai sauraron duk shirmena, ta san ranar da maigida ya tafi, ta san in na yi mafarkin mahaifiyata. Iya tana da ciwon ƙirji tun da daɗewa, kuma ɗanta da ke sayar da shanu ya daɗe yana matsa mata ta koma garinsu can Arewa ta huta. Ita kuwa ta ce ba inda za ta, a nan aka binne mijinta. Daga ƙarshe suka yi sharaɗi, duk ranar da ciwo ya kwantar da ita, zai ɗauke ta ba musu. Da bakinta ta faɗa mini wannan tana dariya, ta ce shi ya sa ko tari ba ta yi a gabansa. To kun ga ba zan ce ban sani ba.

Cikin damina ne, irin ruwan Fatakwal da in ya kama ba ya sakin gari. Ruwa ya dake ni a hanyar komawa gida don na rasa keke-napep ɗin da zan hau, bayan haka na fara jin maƙogwaro kamar an zuba mini yashi, ga majina, ga zazzaɓi sama-sama. Tun lokacin korona Hajiya ta kafa doka cewa mai mura ta zauna a gida, kuma ba ta rage wa kowa komai saboda haka. Don haka ba abin duniya ne ya fitar da ni ba, kada ma a yi mini wannan uzurin. Na kwanta da safen nan ina jin ruwa na dukan kwano, yaran gidan sun tafi makaranta, manya sun tafi kasuwa, sai na tuna wani zazzaɓi da na taɓa yi a ɗakin. Kwana da kwanaki ba wanda ya ɗaga labulena, don matan rumfa ba sa tashi sai magariba, kowa kuma da nata gidan. Har na riƙa yi wa ƙadangaren taga magana. Da na tuna haka sai na ji gara komai da in sake wuni ni da bango. Na sha maganin da na saya a kemis, na ɗaura ɗankwali na fita.

Ina shiga na yi atishawa, ba wadda ta ko ɗaga kai. A nan dabarar ta zo mini. Na ɗauki rariya na zaɓi barkono mafi zafi, don duk abin da hanci da ido za su zubar a ce shi ne. Da Hajiya ta leƙo ta ce muryata ta shaƙe, sai na ce ai wannan buhun na bana mugu ne, ta yi dariya ta wuce. Haka na wuni kusa da Iya ina zuba kamar kanya. Na sha ruwa na miƙa mata moɗar. Muka ci abinci tare. Da sanyi ya kama ni da la'asar, ta yafa mini gefen mayafinta. Na sake dawowa washegari, na kuma dawowa, kullum barkono na ɗaukar laifina.

Ni na fara warwarewa, su kuma suka fara faɗuwa. Mai suya ce ta fara, sai masu daka, sai Hajiya kanta. Masu tsire suna turo saƙo yaji ya yanke, ba mai yi. Wata safiya na je na tarar da rumfar ba kowa, turame a kife, kujerar Iya a jingine da bango. Na zauna na fara tankaɗe ni kaɗai, ina jin hayaniyar kasuwa daga nesa. Shirun da na gudo wa a ɗakina, ga shi na ɗauko shi da hannuna na kawo inda babu shi. Ana cikin haka aka ce mini murar ta sauka wa Iya a ƙirji, har an kwantar da ita a asibiti.

Bayan an sallame ta na je dubiya gidan ɗanta a Mile 2. Na same ta ta rame, numfashinta na fita da ƙyar, ga akwatinta an ɗaure a gefen gado. Ɗan ya gaishe ni da ladabi, ya ce ai dama ya sha faɗa cewa ƙurar barkonon nan ba za ta bar ta ba, yanzu magana ta ƙare. Na ji kamar in bar shi a haka, tunda barkono ba ya da bakin kare kansa. Amma da ya fita sai na kasa. Na durƙusa na ce mata ba barkono ba ne, ni ce na zo da mura na ɓoye.

Iya ta dube ni ta ce, "'Yar nan, ai tun ranar farko na sani. Da kika miƙo mini moɗa hannunki kamar garwashi. Barkono ba ya sa zazzaɓi."

Na ce, "To Iya, me ya hana ki tona ni?"

Ta ce, "In na tona ki a kore ki zuwa ina? Ɗakin nan naki?"

Sai na fashe da kuka. Ta ce ta yafe, in daina kuka kada ɗanta ya ji ya sa ni a bakin duniya. Ta tambaye ni ko maigida ya dawo, na ce bai dawo ba. Ba a yi mako ba aka tafi da ita.

Daga baya na faɗa wa Hajiya da sauran matan gaskiya. Hajiya ta yi mini faɗa sosai amma ba ta kore ni ba. Sauran sun ce ya wuce, sai dai tun daga ranar kowa ta zo da kofinta, kuma in na yi atishawa sai in ga an ɗan dakata da daka ana dubana. Ban ga laifinsu ba. Ina kiran Iya a waya, amma kunnenta ya yi nauyi, ga ƙauyen nasu ba a cika samun layi ba, rabin hirar duk "me kika ce" ce. Ta ce mini can ba ta san kowa ba, duk sa'o'inta sun rasu, wuni take a tsakar gida tana kallon kaji.

Abin da na koya shi ne mura ba ƙaramar cuta ba ce don kawai ta zo mini da sauƙi. Ni na yi majina na warke, wata kuwa ta rasa garin da ta zaɓa ta ƙarasa rayuwarta a cikinsa. 'Yan'uwana masu fita aiki, a kasuwa ne ko ofis, in jiki ya ƙi ku zauna a gida, kada ku dubi ƙarfin naku jikin, ku dubi mafi rauni a cikin waɗanda za ku zauna da su. Ku kuma da kuke da lafiya, in abokiyar aikinku ta kwanta, ku tsaya ko daga bakin ƙofa ne ku yi mata sannu, ko ku kira ta a waya ku bar ta ta yi surutunta. Wani ba neman abinci ke fito da shi da ciwo ba, tsoron zama shi kaɗai ne. Ni dai nawa tsoron ya raba ni da wadda ta san ina da shi, ta kuma rufa mini asiri da lafiyarta. Allah ya ba Iya lafiya, ya yafe mini.