Baba Sassauta da Tayar Hagu

Bai taɓa ɗora sifana a kan noti ba sai ya fara shafa bakin ƙusar da babban yatsansa. Zai tsuguna gaban tayar, ya goge ƙura da gefen rigarsa, ya sa farce cikin haƙoran ƙarfen ya bi su a hankali, kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa. Sai ya gama wannan yake miƙa hannu ya ɗauki sifana. Har gida abin ya bi shi. Marigayiya matarsa takan ce ko kwalba aka miƙa masa, sai ya gaisa da murfin kafin ya buɗe.

A gareji Baba Sassauta ake ce masa. Faci ne sana'arsa, a wata rumfar kwano da ke kusurwa, kusa da famfon da ya daɗe da daina kawo ruwa. Amma ba facin ne ya sa aka san shi ba, masu faci ai ga su nan birjik a titin. Da notin da ya cije aka san shi. Idan taya ta daɗe ba a kwance ta ba, ruwa ya doke ta, tsatsa ta haɗe noti da ƙusa suka zama abu guda, ƙarti sun zura wa sifana bututu sun hau sun yi tsalle har sun gaji, sai a ce a kira Baba. Shi kuwa ba wani ƙato ba ne. Zai zo da 'yar kwalbarsa ta kananzir haɗe da baƙin mai, da gashin kaza tsome a ciki. Ya ɗiga wa kowane noti, ya ƙwanƙwasa gefensa da ƙaramar guduma, ya koma rumfarsa ya zauna. Mai mota ya yi ta duba agogo.

"Baba, sauri fa nake yi."

"Gaya masa," in ji shi, yana nuna notin da haɓa. "Ni dai na ji."

Motocin da suka tashi daga gabansa sun je ko'ina, shi bai je ko'ina ba. A rumfar nan ya riƙe ƙaninsa bayan rasuwar mahaifinsu, a nan ya yi aure, a nan ya reni 'yarsa ɗaya tilo har ta yi karatu ta yi nata gidan. Ranar da aka binne matarsa ce kaɗai aka ga rumfar a rufe tun safe.

Ƙanin nasa, wanda furfura ta cinye wa gemu amma har yau Auta ake ce masa, direba ne. Yana da wata tsohuwar babbar mota da yake ɗaukar yashi da ita, irin ta da, wadda notunan tayoyinta na hagu ba sa kwancewa yadda aka saba. Noti dai hagu ake juya shi ya kwance. Waɗannan kuwa sai an juya su dama. Farkon shigarsa harkar mota, Auta ya taɓa wuni yana kokawa da irin wannan taya, ya haɗa gumi, ya zagi wanda ya ƙera motar da iyayensa. Yayan ya zo ya tsuguna, ya bi ƙusar da farce, ya ɗago ya dube shi.

"Auta, notin nan bai cije ba. Kai ne kake ɗaure shi."

Shekara da shekaru maganar tana bin Auta. Ko gardama ya yi da matarsa ya kawo ƙara, abin da yayan zai ce masa ke nan, su yi dariya.

Ba rana ɗaya abin ya fara ba. Baba zai kulle rumfa ya tafi ya bar mabuɗi a jikin kwaɗo. Zai tambayi Auta ya hanya, Auta ya amsa, a ɗan jima ya sake tambaya. Wata rana ya tsaya a bakin titin da ya ƙare rayuwarsa yana tsallakawa, yana dube-dube, har mai waldan garejin ya zo ya kama hannunsa yana cewa, "Baba, budurwa kake jira ne?" Kowa ya yi dariya, har shi. Auta ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙori ba.

Sai ranar da wata mata ta kawo 'yar ƙaramar motarta, da yaranta a baya. Baba ya yi faci mai kyau, ya mayar da taya, ya ɗora notuna da hannu, ya sauke jak, ya ce ta sauka lafiya. A bakin ƙofar gareji mai walda ya ga tayar tana rawa, ya yar da abin da ke hannunsa ya bi motar da ihu.

Mai gareji, ɗan mutumin da ya ba Baba kusurwar nan tun da fari, ya ja Auta gefe da yamma. 'Yar Baba ma tana wurin, an kira ta a waya.

"Baba Auta, ni a gabansa na girma," in ji mai gareji. "Ba ni da idon da zan kalle shi in ce ya tashi. Amma yau mace ce da 'ya'yanta. Da ta hau babban titi fa?"

"Baffa, na gyara masa ɗaki," in ji 'yar. "Katifa sabuwa na sa."

Auta ya san ɗakin. A can baya yake, tagarsa tana kallon katangar maƙwabta. Ya murza hularsa a hannu.

"Mantuwa ce, kowa yana yi," ya ce. "Ku ba shi motata. Tayar hagu ta baya, na manta rabon da a taɓa ta. Idan ya cire ta da hannunsa, ku bar shi da facinsa. Ɗaurin noti wani ya riƙa yi masa."

"In kuma bai cire ba fa?" in ji mai gareji.

Auta ya mayar da hularsa kai. 'Yar ta sunkuyar da kai.

Da gangan ya zaɓi ta hagu. A ganinsa, ko me ya zube daga kan mutum, abin da ya fi daɗewa a ciki shi zai rage a ƙarshe.

Washegari ya shigo da motar ya tsayar da ita gaban rumfa, ya sa duwatsu a tayoyi.

"Yaya, ga 'yar rigimar nan na kawo maka."

Fuskar Baba ta washe. Ya ɗauko kwalbarsa, ya bi notunan da gashin kaza ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya koma ya zauna.

"Baba, ka gaishe su kuwa?" in ji mai walda daga nasa wurin.

"Sun ce in gaishe ka. Sun ce kai ma kanka yana son mai."

Gareji ya ɗauki dariya.

Da rana ta ɗaga, Baba ya tsuguna, ya bi ƙusar farko da farce yadda ya saba. Ya ɗora sifana, ya zura mata bututu, ya kwantar da bututun ta hagu, ya danna.

Auta ya ƙura wa bututun ido. Ya jira yayan ya ankara da kansa. Baba ya sake dannawa, ya sa gwiwa. Ƙarfen ya yi ƙara.

"Kai, wannan ya cije da gaske."

Mai gareji yana can cikin wata mota ya ba su baya. Auta ya matso ya tsuguna kamar mai duba lafiyar tayar, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ta hagu ce fa."

"Na sani."

Ya ce ya sani, amma bai motsa ba. Ya buɗe hannunsa yana kallon babban yatsan, baƙin mai cike da farcen, kamar yatsan wani ne aka ba shi ajiya. Can sai ya zare sifanar, ya mayar da bututun ta dama, ya ɗora nauyinsa a hankali. Notin ya yi ƙas, ya saki.

Daga nan hannun ya tuna. Ya bi su ɗaya ɗaya, yana tsallake na kusa ya kama na nesa, kowanne ya yi 'yar ƙararsa ya saki. Kafin inuwar motar ta kai bakin famfo, duk sun sassauta sai guda ɗaya na ƙasa, wanda ya fi shan ruwa. Baba ya jiƙa shi da mai sosai.

"Wannan ya kwana da shi. Gobe zai saurare ni."

"Baba ka cika Sassauta!" in ji mai walda. Mai gareji ya zo ya taɓa notunan da yatsa, ya gyaɗa kai.

A hanyar gida Auta ya kira 'yar ya gaya mata.

"To, Baffa," ta ce. "Allah ya sa."

Da safe Auta ya tarar yayan ya riga kowa zuwa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya manne a kan bututu da duk 'yan ƙasusuwansa, ƙafa ɗaya ta bar ƙasa. Bututun yana ta hagu.

"Auta! Zo nan. Wa ya ɗaure maka tayar nan? Ba shi da imani. Tun ɗazu nake fama. Kowanne na kama sai ya ɗan tafi kamar zai kwance, sai ya cije."

Auta ya tsuguna. Ya kama notin farko da yatsu, bai motsa ba. Ya kama na biyu. Ya bi su duka har ya zagayo. Ƙusa ɗaya ma ta murɗe, ƙarfenta ya yi fari a inda ya fara tsagewa.

Maganar tana nan a bakinsa, tsaf, yadda aka gaya masa ita. Shekaru yana ajiye da ita, yana cewa wata rana sai ya rama. Ya ɗaga kai ya dubi yayan nasa, yana haki, yana jiran amsa da fushin mai sana'a da aka ɓata wa aiki.

"Wani ne a hanya, Yaya. Bai san aiki ba."

"Ka daina ba kowa motarka."

"Na daina."

Bai san lokacin da mai gareji ya zo ya tsaya a bayansu ba. Mai garejin ya dubi bututun, ya dubi ƙusar da ta murɗe, ya juya ya koma ofishinsa ya turo ƙofa. Mai walda ya buɗe baki zai yi magana, sai ya sauke gilashinsa a fuska ya kunna wuta, alhali babu ƙarfe a gabansa.

Wajen tsakar rana 'yar ta zo. Ta tsaya daga bakin rumfa, ta tattare zanenta kada ya taɓa mai.

"Baba, taso mu je ka ci abinci."

"Ban gama ba."

"In ka ci ka huta sai ka dawo."

Baba ya juya wajen tayar. Ya ɗauko kwalbar, ya sake bin notunan da gashin kaza, ya ƙwanƙwasa kowanne. Ya ajiye kwalbar a gindin tayar, ya miƙe da ƙyar yana dafa bodin motar.

"Auta, kada ka bari kowa ya taɓa. Sai man ya shiga tukuna."

"To, Yaya."

Ta riƙe hannunsa suka fita. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi motar, ba rumfar ba.

Ba a jima ba aka kwashe tsofaffin tub na taya da bokitin gwada faci, aka kafa injin iska a kusurwar, irin mai kwance noti kafin mutum ya rufe baki. Mai gareji ya sami Auta zaune a inuwar motarsa.

"Baba Auta, bari a sa mata injin nan. Yanzu za a cire, a canja ƙusar, ka koma bakin aikinka. Masu yashi sai tambayarka suke yi."

"Bari dai sai gobe."

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Iskar tayar ta fara sauka. Ƙura ta rufe gilashi, wani ya rubuta a wanke ni da yatsa.

Auta yakan je gidan 'yar da yamma. Ɗakin a share yake, katifar sabuwa ce kamar yadda ta faɗa. Yakan tarar da yayan a bakin gado yana fuskantar taga, da kwalbar magani a hannu, yana bin murfin da farce, ya zagayo, ya sake zagayowa. Wata rana ya gane shi, wata rana ya gaishe shi da ladabi kamar mai mota ya kawo aiki. Amma ko a wace rana ce, kafin Auta ya tashi sai ya tambaya.

"Man ya shiga?"

"Tukuna, Yaya."

"To, a ƙyale shi. Kada a matsa masa."

A gareji sifanar tana nan a kan notin ƙasa, inda Baba ya bar ta, bututun ya miƙa hagu. Auta yakan tsaya a kanta da safe. Sau ɗaya ya kai hannu zai mayar da bututun ta dama, sai ya fasa. Kananzir ɗin kwalbar ya daɗe da bushewa, gashin kazar ya manne a gindinta.